Loma Uku a Faranti: Irin Wannan Liyafa Za Ta Karɓu a Sakkwato?

Wata mai girkin biki daga Mabera ce ta aiko mini da tambaya. Ta ce ƙanenta ya kai ta wani gidan abinci a Legas, ba a tambaye ta me za ta ci ba, sai dai aka riƙa kawo ƙananan farantai ɗaya bayan ɗaya har tara, kowanne bai wuce loma biyu zuwa uku ba, kuɗin kuma ya isa cefanen gida na makonni. An kuma gaya mata cewa a daren akwai baƙon kuku da aka gayyato daga wata ƙasa. Tana so ta san hikimar abin, kuma idan ta gayyato kuku daga Abuja ko Legas ta shirya irinsa a nan Sakkwato, zai karɓu ko asara za ta tafka?

Hajiya, zai karɓu, amma ba a yadda kika gan shi a Legas ba. Kuma idan riba kike nema a daren, gara ki karɓi girkin suna. Na yi sama da shekara ashirin a kicin ɗin otal-otal kafin na dawo gida, na yi irin wannan liyafa ta yi kyau, na kuma yi wadda har yau idan na tuna sai na ji kunya, saboda haka bari in warware miki zare da abawa.

Abin da aka kawo miki shi muke kira jerin ɗanɗano. Ma'anarsa mai ci ya sallama wa mai dafawa: shi zai zaɓi abin da za a ci, da yawansa, da wanda zai riga wani. Japanawa suna da kalmar da ta fi kowacce fito da ma'anar, omakase, wato "na bar maka". Hikimar tana cikin abin da kowace mace mai girki ta sani ko ba ta taɓa faɗa ba: lomar farko ta fi ta goma daɗi. Ki ɗauki dambun nama mafi daɗi a garin nan ki ba mutum kwano guda. A loma ta farko zai yi santi, a ta biyar yana ci ne kawai, kafin ya kai ƙasan kwano ya ginshe shi. Amma ki miƙa masa yankan kankana a lokacin, sai ki ga ya karɓa kamar bai ci komai ba. Masana sun auna wannan: Barbara Rolls da abokan aikinta a Jami'ar Oxford sun nuna a 1981 cewa daɗin abincin da mutum yake ci yana raguwa a bakinsa, alhali sha'awar wanda bai taɓa ba tana nan yadda take. To jerin ɗanɗano dabara ce ta ɗauke faranti tun marmari bai mutu ba, a kawo wani. Mutum ya tashi ya ci lomar farko sau tara.

Ba tun fil azal Turawa suke haka ba. A da manyan Faransa ma jibge komai suke yi a tebur lokaci guda, kamar yadda muke jera kuloli a gaban baƙo. A ƙarni na 19 ne salon Rashawa na kawo abinci bi da bi ya mamaye Turai, sannan Auguste Escoffier, wanda ya karɓi kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan a 1890, ya tsara ma'aikatan kicin rukuni-rukuni, mai nama daban, mai kifi daban, mai romo daban, don faranti ya fita a kan lokaci. Ƙananan farantai masu yawa kuwa sun yi tashe ne a shekarun 1970, lokacin da wasu kukun Faransa irin su Paul Bocuse da 'yan'uwan nan Troisgros suka rage nauyin girki, bayan idonsu ya buɗe da kaiseki, wato tsarin liyafar Japanawa mai ƙananan farantai bi da bi. Daga nan abin ya yi ta hauhawa har gidan elBulli na Ferran Adrià a Sifaniya, inda ake ba mutum abu sama da 30 a zama ɗaya, kafin a rufe shi a 2011.

Ki riƙe maganar kaiseki, zan dawo kanta.

Mu ma ba baƙi ba ne ga cin abinci daki-daki. Ki duba buɗa-baki a watan azumi: dabino da ruwa, sai kunu da ƙosai, a tashi a yi salla, a dawo a taɓa 'ya'yan itace ko ɗan farfesu, sai bayan asham a zauna wa abinci mai nauyi. Babu wanda ya koya mana wannan daga Faransa. Ciki ne ya koya mana cewa mai sauƙi yake riga mai nauyi. Matsalar tana wani wuri dabam. A wurinmu karamci shi ne baƙo ya ci ya bari. Idan kwano ya koma kicin fayau, uwargida ba ta jin an yaba girkinta, ji take abincin bai isa ba. Jerin ɗanɗano kuwa an gina shi ne a kan faranti ya koma ba ko ƙwayar shinkafa. Al'adu biyu ke nan da suka juya wa juna baya, kuma duk wanda bai sasanta su ba kafin ya kunna wuta, zai sha abin da na sha.

Shekarun baya wani otal a nan garin ya ɗauke ni in taya wani kuku da suka gayyato daga Legas. Yaro ne mai hannu, ba na raina masa. Amma an sa liyafar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya kuma taho da kayansa cikin kula tun daga can: kirim, cuku irin na Turawa, jatan lande, wasu ganyaye da ko sunansu mutanenmu ba su taɓa ji ba. Jirginsa ya yi jinkiri, ya sauka da azahar ranar liyafar, ƙanƙarar kular ta zama ruwa. Jatan landen dai shara muka kai shi. An shirya wa mutum 20, mutum 31 suka zo, don kowane Alhaji da ɗan rakiyarsa, ga kuma 'yan gayyar soɗi. Muka riƙa raba abin da aka auna wa mutum ɗaya gida biyu. An kai faranti na uku aka kira isha'i, tebur ya watse, naman da ya kamata ya fita a minti biyu ya yi minti 25 yana jira har ya zama kamar fata. Bayan faranti na shida wani dattijo ya yafito ni, ya rage murya don kada ya kunyata mai gayya, ya ce, "Yaro, mun gode da abin taɓawa. To yaushe za a kawo abincin?" Da aka tashi, da idona na ga motoci uku sun tsaya wurin mai balangu a bakin titi.

Babu ko ɗaya cikin abubuwan nan da ya shafi iya girki. Duk tsari ne.

Na farko, kada ki wuce mutum 16, kuma kada ki wuce faranti bakwai. Ki yi lissafi: 16 sau 7, faranti 112 ke nan, ban da kofuna da cokula, kuma kowane zagaye dole farantai 16 su sauka a gaban mutane cikin minti biyu zuwa uku, in ba haka ba na farko ya gama ci na ƙarshe bai samu ba. Ni ƙa'idata mai zubawa ɗaya ga kowane mutum huɗu, mai kaiwa tebur ɗaya ga kowane mutum huɗu, sai mai wanke-wanke biyu waɗanda ba su da wani aiki. Tsakanin faranti da faranti minti 12 zuwa 15. Idan ya gaza haka mutane suna jin ana korarsu, idan ya wuce 20 yunwa ta dawo, kowa ya ɗauko waya. Gaba ɗaya awa biyu. Ki fara bayan isha'i, ki rubuta a katin gayyata cewa ƙarfe kaza za a rufe ƙofa. A karɓi kuɗi tun kafin ranar, kujera da sunan mai ita. Wannan ba rowa ba ce. Ko a Amurka akwai gidajen da suke sayar da tikiti kamar na kallon ƙwallo, gidan Next na Chicago ya fara haka tun 2011, saboda kujera ɗaya da ba a zauna ba tana iya cinye ribar dare.

Lokacin shekara kuma, ki zaɓi hunturu, Disamba zuwa farkon Fabrairu. Kicin yana shiguwa, abin da ya kamata ya yi sanyi yana zama da sanyinsa, kayan fadama kuma sun fara shigowa daga Wurno da Goronyo da Kware.

Yanzu ga maganar kaiseki. Japanawa, bayan duk ƙananan abubuwan nan masu kyan gani, da shinkafa da romo suke rufewa kafin kayan zaƙi, don kada baƙo ya tashi da yunwa. Wannan ita ce gadar da za ki bi. Ki bar biyar na farko su zama ƙanana yadda tsarin yake, amma na shida ya zama tuwo na gaske, kuma a zagaya da ƙari. Wanda ya ce a ƙara masa malmala a ƙara masa ba tare da an ɗaga gira ba. Da wannan kaɗai kin kashe maganar "ba a ƙoshi" wadda ita ce za ta fara yawo a gari washegari. Kafin a fara kuma ki fito da kanki ki yi wa mutane bayani: abinci kala bakwai ne, za su zo ɗaya bayan ɗaya, tuwo na tafe a na shida, kada kowa ya cika ciki da ruwa. Za su yi dariya, amma hankalinsu zai kwanta.

Da ni zan tsara, da masa zan buɗe, 'yar ƙarama wadda ba ta wuce loma ɗaya ba, a fito da ita daga tanda a ɗora mata ɗan dambun kifi a miƙa tana tururi. Sai kwaɗon zogale mai sanyi, a daka ƙuli-ƙulin da ɗan gari-gari yadda haƙori zai ji shi, a matsa lemon tsami a ƙarshe. Na uku romon karfasa daga Kwalkwalawa, a tace shi tas har ana ganin ƙasan kwano, daddawa kaɗan don ƙamshi, tsokar kifi guda a tsakiya. Ki lura har yanzu ban sa yaji mai zafi ba. Attaruhu idan ya riga shiga, harshe ya daina jin duk wani abu mai laushi da zai biyo baya, shi ya sa ake jinkirta shi.

Na huɗu shi ne wanda nake so ki tsaya a kansa, wato albasa. Mu da muke loda wa manyan motoci albasa suna kai ta kudu har da ƙasashen maƙwabta, ba mu taɓa ba ta faranti nata na kanta ba, kullum 'yar rakiya ce a miya. Ki samu matsakaiciya mai tauri, kada ki ɓare ta, ki binne ta cikin toka mai zafi a gefen garwashi kamar yadda yara ke yi da dankali, ki bar ta kusan awa guda. Ɓawon zai ƙone ƙurmus. Idan kika matsa ta da yatsa kika ji ta yi laushi har ciki, ki ciro, ki yanke kan, ki zare baƙin ɓawon. Abin da za ki tarar a ciki ya daina zama albasar da kika sani: yajin ya tafi, zaƙi ya fito, ga ƙamshin hayaƙi. Ki tsaga ta biyu, ki zuba man shanu soyayye cokali guda ya bi tsakanin ɓawo-ɓawonta, gishiri kaɗan, sai ɗan yajin ƙuli a gefe. Na taɓa ba wani dillalin albasa wannan, mutumin da ya shekara talatin yana cikin buhunanta. Ya ci, ya yi shiru, ya sake ci, ya ce, "Wanga albasa ta ina ce?" Na ce ta rumfarka ce, Alhaji. Abin da ake biya a jerin ɗanɗano ke nan. Kayan wannan faranti ba su kai kuɗin kwalbar lemo ba, amma shi za a yi ta labari.

Na biyar ƙanƙarar tsamiya, cokali biyu, ta wanke maiƙo daga baki. Na shida tuwon shinkafa da miyar sure, da naman jar akuyarmu da aka dafa a hankali har ƙashi na zarewa da kansa, a nan ne yaji zai fito da ƙarfinsa. A rufe da fura da nono a ɗan ƙoƙo da ludayinsa, a barbaɗa garin goruba ko a yanka dabino, sai shayi. A can ƙasashen kowane faranti da giyar da ake haɗa shi da ita, kuma daga nan suke samun kaso mai tsoka na ribarsu. Mu ba mu da wannan, kuma ba mu yi rashi ba ta fuskar ɗanɗano: zoɓo marar sukari sosai yana tafiya da nama, ruwan citta da kifi, kunun aya da abu mai hayaƙi. Sai dai a ba da rabin ƙaramin kofi, don kunun aya kofi guda abinci ne.

Kada ki ji kamar abincinmu bai kai a yi masa wannan hidima ba. Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, da 'yan liyafar cin abinci ta fara a Landan, ta buɗe gidan abincinta mai suna Chishuru a 2020, a watan Fabrairun 2024 kuma ta samu tauraron Michelin, wato lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, ita ce baƙar mace ta farko da ta samu a Birtaniya, kuma sinasir na cikin abin da ta ciyar da Turawa. Fatmata Binta, Bafulatana 'yar Saliyo da ke zaune a Gana, a kan tabarma take zaunar da baƙinta su ci girkin Fulani da hannu, da acca da dawadawa da man shanu, kuma da wannan ta ci babbar kyautar girki ta yankin Basque na Sifaniya a 2022. Saboda haka ko tebur ba dole ba ne. Tsakar gida mai tsabta, tabarmi da darduma da fitilu, ya fi zauren otal mai ƙarar janareta. Idan taron na maza da mata ne, ki yi shimfiɗa biyu, amma ki sani kin ƙara wa masu kai abinci tafiya, sai ki ƙara hannu.

Sai batun baƙon kuku. Masu sana'ar suna kiran irin wannan dare "hannu huɗu", wato mai gida da baƙo su haɗu, wannan ya fitar da faranti, wancan ya fitar da na gaba. Amfaninsa uku ne: mutanenki su ɗanɗani hannun da sai sun yi tafiya za su same shi, sunanki ya shiga bakin mutanensa, yaranki kuma su ga yadda wani yake aiki. Na ukun nan ya fi sauran daɗewa. Yarinyar da ta tsaya kusa da ƙwararre kwana biyu tana kallon yadda yake riƙe wuƙa da yadda yake goge gefen faranti kafin ya fita, ta samu abin da ba za ki iya koya mata da baki ba.

Amma da ɗan gari akan ci gari. Sharaɗina na farko ga duk wanda zan gayyata shi ne ya iso kwana biyu kafin ranar, kuma ya zo da wuƙaƙensa kawai, in ya so da ɗan ƙullin kayan ƙamshinsa. Washegari da sassafe ki kai shi kasuwa, ya je Kara ya ga dabbobi, ya taɓa kifi da hannunsa, ya ɗanɗani daddawarmu ya ji bambancinta da iru, daddawar Yarbawa da ya saba da ita a Legas. Manyan ma haka suke yi. Lokacin da shahararren kuku René Redzepi ya kwashe ma'aikatan gidan abincinsa mai suna Noma daga Kopenhagen zuwa Tokyo a 2015, bai ɗauko abincin Denmark ya kai musu ba, da kayan Japan ya yi girki bayan ya zagaya ƙasar yana nema. Kukun da ya ce miki sai da kayan da ya saba zai iya, ki gode masa ki nemi wani.

Ki zauna da shi ku yi magana ƙarara kan abin da ba ya shiga tukunyarki. Wanda ya koyi girki a makarantar Turawa ya saba tsarga giya a romo, kuma ba da mugun nufi ba, hannunsa ne ya saba. Akwai kuma garin da ake daskarar da kayan zaƙi da shi, wanda sau da yawa daga fatar alade ake yinsa, da ruwan vanila na kwalba wanda galibi da barasa ake jiƙa shi. Ki duba kowace kwalba da ya fito da ita. Ki tambayi baƙinki ma tun wuri ko akwai wanda gyaɗa ko kifi ba sa karɓarsa, ko mai ciwon sukari, domin a tsarin da mutum ba ya zaɓa, nauyin yana kanki, kuma jerin da na zayyana miki cike yake da ƙuli-ƙuli.

Kuɗinsa ku yanke tun farko, a rubuce: ladan aiki kaza, kuɗin jirgi da masauki a kanki, cefane a hannunki. Kada ki yarda da raba riba, don ba za a samu abin rabawa ba, sai zargi. A kicin kuma murya ɗaya ce ke cewa "a fita da shi", kuma taki ce, ko da ya fi ki suna. Shi bai san wace ce mai sauri cikin yaranki ba, bai san wane murhu ne ke cin gefe ɗaya ba.

Farashi kuwa, ƙa'idar gidajen abinci ita ce kayan cefane kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ya biya. A irin wannan dare cefane ba shi ne ke cin kuɗi ba, hannaye ne da farantai da man janareta da tikitin baƙo. Ki tara duka, ki raba wa kujeru 14, ki bar biyu a matsayin na tsautsayi. Idan adadin da ya fito ya fi abin da kika san mutanenki za su iya cirewa ba tare da sun ji zafi ba, ki nemi wanda zai ɗauki nauyin wani ɓangare, ko ki ajiye maganar baƙo zuwa karo na biyu. Kada ki yi mamaki idan kin tashi babu riba babu asara. Shi kansa Redzepi, wanda aka zaɓi gidansa na ɗaya a duniya har sau biyar, ya fito a Janairun 2023 ya ce wannan salon sana'a ba mai ɗorewa ba ne, saboda yawan hannun da yake ci. Ribarki tana zuwa daga baya, lokacin da matar da ta ci albasar nan za ta aurar da 'yarta ta ce ba wanda zai yi mata girki sai ke.

Kafin ki sayar da kujera ko ɗaya, ki yi gwaji da mutanen gida. Ki zaunar da mutum takwas, ciki har da wanda kika san ba ya ɓoye magana, irin kawun nan da ke cewa gishiri ya yi yawa a gaban kowa. Ki ɗora agogo a kicin, ki sa wata ta rubuta lokacin da kowane faranti ya fita da lokacin da ya dawo. Ke kuma ki tsaya a bakin wurin wanke-wanke ki riƙa duba abin da aka rage. Farantin da ya dawo da saura daga mutum uku cikin takwas, ki cire shi daga jerin ko da shi kika fi so.